Gurup ɗinmu ya ƙi tashi a gaban Yaya

Asabar, Garwa.

Tun asuba suka ɗauke wuta, zafin Afrilu kuwa ba a magana, Hajiya ta fito tsakar gida da maficinta tana ta mita. Na jawo gurup, wato janareta, na ja igiya ya fi sau goma ko tari bai yi ba. Yaya na kan tabarma da kofin shayi, kwanansa huɗu da zuwa hutu daga Faransa, sai cewa ya yi "ƙane yaushe rabonka da tada shi?" Na ce tun damina. Ya ce da a wajen aikinsu ne da tuni na kwashe kayana.

Ni fa iya sanina shi babban injiniyan lantarki ne a wani ofis mai zana tashar nukiliya, a raina kullum wani abu nake hangowa mai kama da bom. Ashe rabin aikin nasa wannan tambayar tamu ce ta kullum, in wuta ta tafi sai yaya. Wai ko an kashe tukunyar nukiliyar zafinta ba ya tsayawa nan take, kusan kashi 7 cikin 100 na nan yana fita da farko, dole famfo ya yi ta tura ruwa, shi kuma famfo da wuta yake aiki. Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan kenan a 2011, girgizar ƙasa ta yanke layin wuta na waje, injinan gazuwal suka tashi lafiya lau, sai ruwan teku ya zo ya shanye su.

Ina kwance kafireta, duk tsohon fetur ɗin zuwa-zuwa ya daskare a ciki, shi kuma yana zana min a ƙasa da tsinke. Irin sabuwar tukunyar tashar Flamanville ta can Faransa layin wuta huɗu ne kowanne da injinsa, ga wasu biyu daban na ko-ta-kwana, ga batura, kuma wayar wannan layi ba ta bin hanyar wancan don kar gobara ɗaya ta cinye su tare. Inda ya fi burge ni shi ne in inji ya tashi ba a jibga masa kaya gaba ɗaya, bi da bi ake ɗora famfunan, kowanne da daƙiƙarsa, in ba haka ba ya durƙushe. Na yi shiru don ni firij da famfon rijiya tare nake kunnawa sannan in zagi gurup. Yaran da ke ƙarƙashin Yaya su yi lissafin shi ya bi layi-layi ya sa hannu, takarda ɗaya sai ta yi wata tana kai-komo, shi ya sa furfura ta yi masa wuri ina ga.

Na ce to Yaya ga yuraniyom, makamashin tashar nukiliya, can wajen garin Poli ku zo ku gina mana mana. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce tashar wuta ta madatsar ruwan Lagdo gaba ɗayanta megawat 72 ce, waccan ta Flamanville guda ɗaya ta haura 1600, ina layin da zai ɗauka, kuma ran da ta tsaya wa zai cike gurbin? Haushi na ji amma ban da amsa.

Gurup dai ya tashi bayan la'asar. Fanka na fara sawa, na ƙirga goma, sannan firij. Hajiya ta ce me nake ƙirgawa kamar mai bin bashi.