Kuben wuƙar layya

Argungu, Laraba, 6 ga Zulhajji

Saura kwana huɗu Sallah, yau kuma ita ce ranar da na ware wa wuƙaƙen gida. Da hantsi na kwaso su: doguwar nan ta yanka da gajeru biyu na fiɗa. Duk ƙirar hannu ce, ƙarfe ɗaya tun daga tsini har cikin ƙota. Ni dai wuƙa mai naɗewa ba ta taɓa kwanta mini a rai ba wajen aikin rago. Jini da kitse kan shige gaɓarta su daskare, ga fargabar ta koma ta datse yatsa ana tsakiyar aiki.

Maƙera na fara zuwa. Layi kamar me, kowa da wuƙarsa a hannu, yaro yana ta buga zuga-zugi, gawayin ƙirya ya yi jajur. Baba maƙeri da sifirin tsohuwar mota yake ƙira, irin ƙarfen da ke ɗaukar kaifi nan da nan, ya kuma yi tsatsa nan da nan idan ya ga lema. Ya bi gajerun da magagari, ya goga su a dutse, ya miƙo. Da ya zare doguwar daga kubenta sai ya tsaya, ya ɗaga ta wajen haske. Ɗigo-ɗigon tsatsa sun bi bakin kaifin, tsinin kuma ya leƙo ta ƙasan kuben.

"Ɗana, wagga wuƙa ba ta da laihi," in ji shi. "Wanga kube shi ka kashe ta. In na wasa maka ka maida ta ciki, aikin banza mun ka yi. Tahi wurin dukawa."

A rumfar dukawa na yi zuhur, na yi la'asar, kuma ban ji na ɓata lokaci ba. Dattijon da na samu abokin marigayi mahaifina ne, Kawu nake ce masa tun ina ƙarami. Bayan mun gaisa ya karɓi kuben, ya sa 'yar askarsa ya farke shi a gabana. Kwali ne a ciki. Kwalin taliya ko na sabulu, an naɗe, an shafa gam, an lulluɓe da wata roba mai kama da fata. Ya murtsuke shi da yatsa ya nuna mini yadda ya yi laushi. Kwali yana shan raɓa ya riƙe ta, bana kuma Sallah ta faɗo a bakin damina, iskar fadama duk danshi ce. Wuƙar kenan tana kwance cikin lema dare da rana.

Abin ya tsaya mini a rai, domin haka kusan kowa yake ciniki a kasuwa. Za ka ga mutum ya gwada kaifi a farce, ya aske gashin hannu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya saurari ƙararsa, ya yi ta ja-in-ja a kan kuɗi, amma kube sai a miƙo masa kamar gyara, ya karɓa bai ko duba ba. Alhali wuƙar layya kwana nawa take aiki a shekara? Sauran watannin duk a cikin kube take zaune.

Kawu ya jawo wani da yake kan ɗinkawa ya bi da ni daki-daki. Ciki ƙirgi ne mai kauri, fatar sa da aka jeme, an yanka daidai da ruwan wuƙar da za ta zauna a ciki. A gefen da kaifi yake kwanciya ya sa wani siririn tsiri na fata tsakanin ɓangarorin biyu kafin ya huda da basilla ya ɗinke. Wannan tsirin shi ne kaifi yake taɓawa, ba zaren ɗinki ba. Kuben da babu shi, sannu a hankali wuƙa za ta cinye ɗinkin, wata rana ka ji ta a cinya ko a tafin hannu. Bakin kuben kuma ya haura ya kama wani sashe na ƙotar. Ya jiƙa fatar kaɗan, ya danna ta da babban yatsa har ta ɗauki siffar wuƙar, sannan ya zare ƙarfen ya bar ta ta bushe a inuwa. Da ya ɗauko wanda ya gama, sai ya kife shi ƙasa ya girgiza da ƙarfi. Wuƙar ba ta motsa ba. Ya sa babban yatsa ya tura bakin kuben, ta fito sumul.

Daga waje ne ake yin ado da jar fatar akuya, wadda aka rina da karan dafi. Irin fatar jar akuyar Sakkwato ce da fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Na tuna takubba da masu da ke Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan ƙarfen da ke kafaɗarsu ba za su yarda da kwali ba.

Akwai abin da ya faɗa mini wanda zan riƙe. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, ita kuwa bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu da ruwa baƙi suke yi. Da haka ma dukawa suke samun baƙin zane: kuloko, wanda ake yi da kashin maƙera da aka jiƙa, da an shafa shi a kan jemammiyar fata sai wurin ya koma baƙi ƙirin. To haka jiƙaƙƙiyar wuƙa take yi a cikin kube, ko da kuben na kirki ne. Ta ɓata fatar, fatar ta ɓata ta. Sai an wanke, an goge ta bushe ƙarau, an shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya, sannan a mayar.

Muna cikin haka ɗan yayata ya iso da babur zai ɗauke ni. Ya buɗe waya ya nuna wa Kawu wuƙaƙen Morakniv na ƙasar Suwidin, masu kuben roba mai tauri da 'yar huda a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, da wasu da ake gasa robar Kydex a danna ta a jikin wuƙa har ta kama ta ƙam. Kawu ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Hudar nan ta burge shi. Ya ce ga masuntan kogin Matan Fada na nan Argungu, waɗanda wuƙarsu ba ta rabuwa da ruwa, wannan ya fi fata, kuma na yarda da shi. Amma ga wuƙar da za a ajiye a ɗaki, na fata nake so, wanda in ɗinkinsa ya saki akwai mai gyara shi a nan cikin gari.

Na ba da aikin kube uku. Kuɗin ya kusa kamo na wuƙaƙen kansu, ban nemi ragi ba. Ranar Sallah gidanmu cike yake da yara, masu riƙe ƙafa, masu jiran hanta, wasu suna gilmawa tsakanin kwanoni. An hore mu da mu wasa wuƙa sosai don a sauƙaƙa wa abin yanka, kuma wuƙar da ta kai wannan kaifin ba abin ajiyewa a kan tabarma ba ce ko na minti ɗaya.

Kawu ya zana siffar kowace a kan fata da tsinin basilla, ya maido mini da su naɗe cikin tsumma. Jumma'a bayan an sauko masallaci zan kai su a gwada. Gobe da safe zan mayar wa Baba maƙeri doguwar ya kankare tsatsar, in haɗa da ta kicin da uwargida ta ce ko albasa ba ta yankawa.