Kafin ka ƙara batir na biyu a kwale-kwalenka

Sana'armu a Yauri gyaran kwale-kwale ce da haɗa masa wuta. Ina da kafintoci, ina da yaro mai aikin waya, kuma yawancin masu zuwa wurinmu masunta ne da ke fita Tafkin Kainji, wasu Sarkawa ne da suka gaji ruwa kaka da kakanni, wasu kuwa zuwa suka yi suka koya. A da aikin bai wuce sauya katakon da ya ruɓe da toshe inda ke yoyo ba. Yanzu kusan duk wanda ya kawo jirgi sai ya ce a sa masa fitila, a yi masa wurin cajin waya, in da hali a ɗora sola. Maganar da ta fi yawa a bakinsu ita ce: "Maigida, a ƙara mini batir ɗaya."

Ba na saurin amsawa, kuma wasu sukan ɗauka jan rai nake yi. Abin da ke sa ni tsayawa nauyi ne. Batir mai ruwa na 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) yana kai kilo 28 zuwa 30. Wanda ake sa wa solar gida, mai 200Ah, yana kai kilo 60, wato nauyin mutum guda ke nan zaune a jirgi, ba ya tuƙi, ba ya jan koma, ba ya kuma matsawa in an ce a matsa. Injin Yamaha mai doki 15 ya kusa kilo 40, mai doki 40 ya haura kilo 70, duk a gindin jirgi. Jarkar fetur mai lita 20 kilo 15 ce ban da nauyin jarkar. Sai matuƙi ya zauna kusa da inji, tankinsa a gefen ƙafarsa, ya kuma so batir a nan don wayar wuta ta yi gajarta. Da an taru haka, gindi ya nutse, goshi ya ɗaga, jirgi ya riƙa shan mai yana tafiyar wahala, kuma da an rage gudu farat ɗaya, ruwan da ke biye da shi sai ya hau ta baya.

Shi ya sa nake fara wa mutum da lissafi, a kan takarda, yana kallo. A ce fitilu huɗu ne masu wat 10 kowace, za su ci awa takwas. Wat-awa 320 ke nan na dare guda, wato wat 40 sau awa takwas. A ƙara cajin wayoyi uku, duka ba su kai 400 ba. Batir na 100Ah mai bolt 12 yana riƙe da wat-awa 1,200, wato 100 sau 12, amma mai ruwa ba a shanye shi fiye da rabi in ana so ya daɗe, saboda haka 600 ne rabonka. Ka ga guda ɗaya ya isa dare har da saura. Galibi wanda ke kukan batir ɗinsa ba ya kai asuba, ba ƙarancin batir ke damunsa ba. Ko dai ya saba shanye shi ƙarƙaf har ya mutu, ko kawunan da ake ɗaura wa waya sun yi tsatsa, ko wayar siririya ce tana zafi tana cinye wutar a hanya, ko kuma har yanzu tsofaffin ƙwayaye masu jan wuta yake amfani da su. Ban da batir ɗin da ya mutu, gyaran sauran bai kai rabin kuɗin sabon batir ba, kuma ba ya ƙara wa jirgi ko kilo ɗaya.

Akwai waɗanda da gaske suke bukatar na biyu. Mai injin da ake tayarwa da makulli ya kamata ya ware wa injin batir ɗinsa daban, kada fitila ta shanye wuta ya rasa abin tashi a tsakiyar tafki. Haka masu kwana biyu ko uku a tunga ba tare da wurin caji ba, da masu ɗan injin kwashe ruwa. Irin waɗannan nakan ce in aljihu zai ɗauka su sayi na lithium. Mai 100Ah bai wuce kilo 12 ko 13 ba, kuma ana iya shan kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarsa ba tare da ya lalace ba. Tsada ce matsalarsa, ga jabu a kasuwa, kuma yana son caja irin tasa. Wanda ba zai iya ba, to a haɗa biyu masu ruwa, amma su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. In ka haɗa tsoho da sabo, tsohon ne zai ja sabon ƙasa.

Inda za a ajiye shi ne aikin da na fi ba lokaci. Ƙasa-ƙasa, a tsakiyar faɗin jirgi, gaba kaɗan da tsakiyar tsawonsa don ya rama nauyin inji. Ba a dire shi a kan katakon ƙasa kai tsaye, domin kwale-kwalen katako ba ya rabuwa da ruwa a ciki. Mukan yi masa ɗan dandamali tsakanin haƙarƙari biyu, tsayin ɗan yatsa ko fiye kaɗan, mu sa shi a akwatin roba mai murfi da kafar shan iska, mu ɗaure da ɗamara a jikin haƙarƙarin. Ɗaurin nan ba ado ba ne. Kilo 30 da ya sulale zuwa gefe a daidai lokacin da mutum biyu suka jingina suna jan taru ya isa ya sa bakin jirgi ya sha ruwa. In biyu ne, ko a jera su a layin tsakiya ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya dama ɗaya hagu da tazara daidai. Tunda an matsar da shi nesa da inji, waya za ta yi tsawo, sai a ƙara mata kauri, a sa fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, dab da kan batir. Kuma ba na yarda batir ya haɗa ɗaki da fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya daga kan da ya saki ya isa.

Solar ma nakan ja kunne a kanta. Fanel mai wat 100 bai fi kilo 7 ko 8 ba, amma da an yi masa rumfa an ɗaga sama, nauyi ya hau, iska kuma ta samu abin kamawa. Wanda ya ga yadda hadarin farkon damina ke tasowa a Kainji ya san ba a wasa da wannan. Na fi son a kwantar da shi a goshi, ko a bar shi a tunga ya yi caji da rana.

Wasu kan zo a asirce su ce a haɗa musu na'urar da ke sa wa ruwa wuta don kifi ya taso. Wannan ba ma yi. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana, kuma abin da yake kashewa har da 'ya'yan da za a kama baɗi.

Abin da sabon mai jirgi kan manta shi ne lodin fita daban, na dawowa daban. Da yamma fetur cike, ƙanƙara cike, koma a bushe. Da safe mai ya ragu a baya, koma ta jiƙe ta yi nauyi, ga giwan ruwa ko tarwaɗa ko kwandunan warangi a tsakiya, ga mutane a gajiye. Saboda haka tsakiyar jirgi, inda ya fi faɗi, na kifi ne da kular ƙanƙara, ba na bari tarkace su cinye shi. Goshi na abubuwa marasa nauyi ne: tabarma, abinci, igiya, rigunan ruwa a inda hannu zai kai ba a ƙarƙashin kaya ba. Wurin kwashe ruwa kuma a bar shi a buɗe kullum. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma ruwan cikin jirgi ya fi kowane kaya haɗari tunda duk inda jirgin ya karkata can yake gudu ya ƙara masa.

Mutanen wannan yanki ba su manta da hatsarin Wara na watan Mayun 2021 ba, inda jirgin fasinja da aka yi wa lodi fiye da kima ya halaka mutane da yawa. Ƙaramin kwale-kwale bai fi ƙarfin wannan ba, balle a tafkin da tun da aka datse shi a 1968 kututturan itatuwa ke nan a ƙarƙashin ruwa.

Kafin jirgi ya bar hannunmu, mukan sa shi a ruwa a bakin gaɓa da duk kayansa, mai shi da yaransa su zauna inda suka saba zama, mu ɗora buhunan yashi a madadin kifi. Mu duba ta gaba, mu duba ta gefe, mutum ɗaya ya taka baki mu ga yadda yake dawowa. In ya yi nawar miƙewa, a sauke wani abu ko a sake wa batir wuri. Sannan yaro ya ja layin fenti a jikin katako ta waje, dama da hagu, mu gaya wa mai jirgi cewa da ruwa ya taɓa layin nan, lodi ya ƙare, ko da kifi na ci.