Farin dattin da ke jikin haƙori

Jiya na raka Baba asibitin haƙori saboda wani farin tabo a gefen harshensa da ya ƙi gogewa. Likitar ta yanki ɗan nama za a gwada, muna jiran sakamako. Allah Ya sa mu ji alheri.

Bayaninta kan dattin nan mai yauƙi da ke maƙalewa a gindin haƙori ne ya tsaya min a rai. Ashe gari ne guda na ƙwayoyin cuta. Bakteriya da fangas ke haɗuwa su lulluɓe kansu da wani yauƙi, har magani ya kasa ratsa su. In an bar shi sai ya daskare, buroshi da asuwaki ba sa iya cire shi, sai an kankare.

Fangas ɗin da ake kira Candida albicans yana iya juya giya ta koma wani sinadari mai suna asetaldehayid, wanda ke lalata ƙwayoyin halittar fatar baki. Ita kuwa bakteriyar ciwon dasashi, Porphyromonas gingivalis, kutsawa take cikin ƙwayoyin halittar fatar bakin, ta hana waɗanda suka lalace mutuwa, ga kumburin da ba ya ƙarewa. Masana na alaƙanta wannan da sankarar baki, amma taba da giya su ne kan gaba har yanzu.

Ta ce: "Baba, duk gyambon bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba, a kawo a duba." Shi kuwa tun kafin azumi yake ɓoye mana nasa, wai zafin shayi ne.