Sassabe a gonar Baba

Bana na karɓi gonar marigayi Baba, wadda ta yi shekara shida ba a noma ta ba. Sabara da kalgo sun cinye ta, ga darbejiya ta yi 'ya'ya ta cika gefen yamma.

Wani abokina ya ce in ɗauko hayar katafila a wuce wurin. Na ƙi. Na taɓa ganin gonar da katafila ta bi: ta kwashe baƙar ƙasar sama mai albarka ta tara gefe, aka bar jar ƙasa fayau, geron da aka shuka ya tashi a tsumbure.

Sabara da kalgo adda da gatari sun ishe su. Amma fa sara kaɗai ba ya kashe su, damina na sauka za su tofo. Diga ce maganinsu. Sai ka tona kewayen kututturen, ka bi saiwar ka datse ta can ƙasa. Kwana tara muka yi da yara uku, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Manyan darbejiya huɗu kuwa mai injin zarto na kira. Na tsaya a kansa ya gauraya fetur da man injin yadda ya kamata, ya wasa sarƙar, sannan ya duba inda iccen zai faɗi.

Gawo biyu da ɗorawa ban bari an taɓa su ba. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma a ƙarƙashinsa Baba yake samun dawa mafi kyau.