Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: 'Yan Igwar Bayan Jirgi

Makon jiya na tsaya inda jirgin ƙasa ya sauke su Baba a Ikko. 'Yan ɗakin Goggo sun aiko wai ina ƙara gishiri. To, su kasa kunne.

A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka zuba su cikin jirgin ruwa, su sojan runduna ta 81, za a kai su Indiya, daga can sai dajin ƙasar Bama (Burma). Jirage a lokacin ayari suke yi kamar fatake, saboda jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa sun addabi gaɓar tekunmu. A ƙarshen Afrilun shekarar, ɗaya tak daga cikinsu ya nutsar da jirage bakwai cikin dare guda, a ayarin da ya taso daga Takoradi zuwa Saliyo. Ta wannan hanya gyadar Kano da kuzar Jos ke bi zuwa Ingila.

Abin da Baba bai manta ba shi ne 'yan igwa. Can bayan jirgi aka kafa babbar igwa, mutane ƙalilan ke kanta dare da rana. Nan suke cin abinci a tsaye, nan suke gyangyaɗi, kullum da tsumma mai maiƙo suna goge gishirin teku daga bakinta. Wani dare Baba ya ƙyasta ashana zai kunna taba. Wani ɗan igwa, yaron Bature da rana ta saɓule wa fatar hanci, ya buge masa hannu har ya kumbura. Ɗan hasken nan zai iya tona asirin ayari duka. Daga nan Baba ya samo maganarsa: "Wanda ya hana idonsa barci dominka, ko ya mare ka, gode masa."

Na sha jin ta. Ranar da Malam ya zane ni a makarantar allo ita Baba ya faɗa, Inna na ta faɗa bai ko waiga ba. Ita na maimaita wa ɗana ranar da ya tafi horon soja a Zariya.

Amma ranar rabon gado Kawu ya buɗe baki a gaban dattawa ya ce Baba dako kawai ya je yi wa Turawa. Mutumin da ya zagaye ƙasan Afirka ta teku har Bombai! Kawu kuwa ko Lakwaja bai taɓa ƙetarewa ba. Ya rasu, Allah Ya jiƙansa, amma kalmar tana ci min rai har yau, kuma 'ya'yansa sun san ban janye amsar da na ba shi ba.

Mako mai zuwa in Allah Ya yarda, saukarsu a Bombai.