Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littattafan da Ke Kan Teburin Aiki

Makon jiya mun tsaya a ɗakin da yaran unguwarmu ke taruwa bayan la'asar a nan Jidda, inda na yi alkawarin yau zan buɗe kabad ɗin littattafai. Iyaye da dama sun tambaya wanne za su saya wa yaro mai son haɗa mutum-mutumin inji, wato robot. Ma'aunina guda ne. Ka buɗe littafin ka duba ko yana da shafin da ke cewa "idan bai yi aiki ba, ga dalili". In babu, mayar da shi inda ka ɗauko, komai kyan hotunansa.

Yawancin littattafan masu fara koyo a kan allon Arduino Uno suke ginuwa, wanda asalinsa aikin wata makaranta ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. Ɗan allon kwamfuta ne da ake rubuta wa umarni. Yana aiki da bolt 5, yana da ƙafafu, wato wuraren jona waya, 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 na karanta awo. Littafi na gari zai faɗa maka tun farko cewa ƙafa ɗaya kada a ja mata fiye da miliamfiya 20. Shi ya sa ake sa rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 220 kafin ɗan ƙwan LED: jan ƙwan yana cin kusan bolt 2, saura 3 cikin 5, ka raba da 220 ka sami kusan miliamfiya 14. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya, ba zai taɓa jona moto kai tsaye a ƙafar allo ba, domin moto yana jan ninkin ba ninkin wannan, ya ƙona ƙafar.

Aikin da kusan kowane littafi ke kaiwa gare shi shi ne 'yar mota mai bin baƙin layi. Kayanta: allon, moto biyu masu ruwan ɗorawa da tayoyinsu, taya ta uku mai juyawa ko'ina, allon tuƙin moto L298N, idanu biyu na TCRT5000, da baƙin salatef na masu gyaran wuta da za a shimfiɗa a farin tayil. A nan ne littattafai ke yawan yaudarar yara, kuma abin yana ɓata mini rai. Sai ka ga an zana batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 yana tuƙa komai. Ba zai iya ba. Ƙarfinsa na agogo da mita ne. Da zarar moto biyu sun tashi tare sai wutar ta faɗi, allon ya mutu ya sake tashi, motar ta riƙa zabura tana tsayawa. Batir AA huɗu ma da ƙyar, saboda L298N yana cinye kusan bolt 2 a hanya, bolt 6 na batiran ya koma 4. Abin da ke aiki shi ne batir 18650 guda biyu a jere, bolt 7.4. Sannan wayar nagatib ta batir da ƙafar GND ta allo, wato nagatib ɗinsa, dole su haɗu. In ba su haɗu ba, umarni daidai, jonin daidai, amma taya ko motsi, yaro kuma ya zauna yana ganin laifin kansa ne.

Akwai kuma abin da marubutan ba su sani ba domin ba a ƙasarmu suke zaune ba. Idon TCRT5000 yana harba haske da ba a gani, ya jira ya dawo: farin tayil yana mayar da shi, baƙin salatef yana shanye shi. Ranar Jidda cike take da irin wannan hasken. Motar da ta bi layi lafiya lau a cikin ɗaki, ka fito da ita tsakar gida da hantsi, sai ta makance ta miƙe ta bar layi. Maganinsa a yi wa idanun ɗan siket da baƙin kwali, a saukar da su kamar rabin santimita daga ƙasa, a murɗa ɗan sukurin da ke bayansu a wurin da za a yi gwajin, ba a wani ɗaki ba.

Haka na'urar auna nisa ta HC-SR04, mai kama da idon kwaɗo. Littafi zai ce ka raba lokacin da sautin da ta harba ya ɗauka kafin ya dawo, a ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, da 58 ka sami santimita. Wannan adadi na ɗaki mai sanyin digiri 20 ne, inda sauti ke tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A digiri 40 yana yin kusan 355, don haka bangon da ke nisan santimita 100 sai na'urar ta ce 97. Ga motar wasa ba komai ba ne, amma ina so yaro ya rubuta gyaran da fensir a gefen shafi. Gam ɗin kyandir kuwa yakan saki in aka bar aikin cikin mota a rana, batirin 18650 ma ba a barin sa a can ko kusa. Gumin teku yana sa bakin wayoyi tsatsa, a adana su a roba mai murfi.

Yaranmu da aka haifa a nan sun fi sakewa da karatun Larabci, sai iyaye su nemi fassara. Madalla, amma a duba shafukan umarni. Larabci daga dama yake tafiya, umarnin kwamfuta daga hagu, kuma in maɗaba'a ba ta kula ba, alamar da ke rufe layi takan tsallake zuwa farkonsa, baka-biyu su juya baya. Yaro ya kwafa yadda ya gani, kwamfuta ta ƙi karɓa. A gwada shafin da misalan da ke cikin manhajar Arduino kanta, waɗanda kyauta suke zuwa.

Ga 'yan shekara shida zuwa tara, ba na gaggawar ba su waya da batir. Littafin labari mai hoto ya fi, musamman wanda ke ba da labarin Al-Jazari, injiniyan da ya kammala littafinsa a 1206 ya bayyana na'urori 50, har da agogon giwa mai aiki da kwanon da ke nitsewa a ruwa sannu a hankali. A karanta da Larabci, a yi bayani da Hausa, sannan a huda gindin kofin roba da allura, a ɗora a bokitin ruwa, yaro ya ƙirga daƙiƙa nawa kafin ya nitse. A faɗaɗa hujin a sake ƙirgawa.

Littattafan gina kai da na kaifafa tunani, ɗaya ya isa a shekara. Na fi son yaro ya riƙe littafin rubutu mai shafi 60, ya raba kowane shafi uku: abin da na jona, abin da na zata, abin da ya faru.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki ƙarfen narka dalma, mu ga dalilin da ya sa ɗaurin da ya yi dishi-dishi ke sakin waya bayan kwana biyu.