Ina mai tafiyar ƙafa zai kwana a Injamena ba tare da guzurinsa ya ƙare ba?

Assalamu alaikum jama'a. Tunda sanyi ya fara shigowa saƙonni suke ta faɗo min a WhatsApp daga 'yan uwa na Garwa da Marwa a nan Kamaru, har da na Mubi can Najeriya, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: mun yi niyyar ziyara a ƙafa, za mu bi ta Injamena babban birnin Chadi, ina za mu kwana wanda ba zai cinye mana guzuri ba? Wasu ziyarar shehinsu za su je a Abeshe, wasu kuma zuciyarsu tana can gabas gaba ɗaya, Makka suke hange irin na kakanni. Ni a Kuseri nake zaune, garin Kamaru da kogi ne ya raba shi da Injamena, harkar yadi tana yawan kai ni ƙetare, to bari in zuba abin da na sani a nan kowa ya ɗauki nasa.

Farko dai ku sani Injamena gari ne mai tsada, tsada ta gaske. Chadi ba ta da teku, yawancin kayan da ake sayarwa a can daga tashar ruwan Duwala suke tasowa, su bi ta Ngaundere, tirela ta kwaso su har nan Kuseri sannan su haye, kowane mataki kuɗi ne ake ɗorawa. Ga shi tun 2003 da aka fara fitar da man fetur garin ya cika da ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji, manyan otal ɗin da za ka gani a bakin kogi saboda su aka gina, ba saboda mai sanda da buta ba. Kwana ɗaya a irin wannan waje zai iya lashe abin da ka tanada na wata guda, don haka cire su a lissafi tun daga gida.

Shawarata ta farko, in ka iso Kuseri rana ta yi sanyi to kar ka haye, kwana a nan. Ɗaki ya fi araha a wannan ɓangaren, abinci ma haka, kuma kuɗin ɗaya ne, sefar da ke aljihunka ita ake kashewa a can ba sai ka yi canji ba. Gadar Ngeli da aka buɗe a 1985 ba ta kwana a buɗe, sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne in ka haye ta ba ka shiga gari ba tukuna, kogin Logon kawai ka tsallake. Sai ka ratsa unguwar Waliya, ka sake hawa wata gadar ta kan kogin Shari wajen unguwar Shagwa, daga nan ma akwai sauran tafiya mai kyau kafin ka kai babbar kasuwa. Mai mota ba ya jin wannan, amma wanda ya kwaso ƙafa tun daga Marwa, fiye da kilomita 250, wallahi yana ji har cikin ƙashinsa. Ka yi asuba a Kuseri, ka sha kunu, ka haye da hantsi, ka ga kana da yini guda cur na neman masauki ido na ganin ido.

Don maganar gaskiya duk sirrin yana wajen lokaci ne. Baƙon da ya shiga gari kafin azahar yana da zaɓi, wanda ya shiga bayan magariba kuwa duk abin da aka yanka masa shi zai biya.

Takardu kuma kar a yi wasa da su. Katin ɗan ƙasa mai rai, ba wanda ya mutu ba, da katin allurar shawara, a naɗe su a leda saboda gumi. In da hali ka karɓo wasiƙa daga limaminku ko lawanin unguwarku mai ɗauke da sunanka da inda ka nufa da lambar wayarsa, da Larabci ko Faransanci. Wannan 'yar takardar ta fi maka amfani a kan kuɗi masu yawa, zan faɗi dalili.

Da can mutum yana isowa masallaci zai nufa, ya yi isha, ya shimfiɗa buzunsa a baranda, babu mai ce masa kanzil. Abin ya canza ne daga 2015, lokacin da bama-bamai suka tashi a Injamena a watan Yuni, sannan a watan Yuli wani ya sake tashi a ƙofar babbar kasuwa, rayuka da yawa suka salwanta, Allah ya jiƙansu. Tun daga nan baƙo mai jaka a baya wanda ba a san shi ba ya zama abin tsoro, masallatai da yawa ana kulle su bayan isha, ladan ba zai bar ka ka kwana ba sai liman ya sani, liman kuma yana so mai unguwa ya sani, wanda a can suke kira shef da kare ko bulama. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, mutanen da suka kwashi gawar 'yan uwansu a kasuwa dole su tambaye ka daga ina kake. Ba rowa ba ce, karamcin yana nan yadda yake, sai dai yanzu yana so a gabatar da kai.

To ta ina za ka samu mai gabatar da kai? Nufi babban masallacin Sarki Faisal, yana dab da babbar kasuwa, duk wanda ka tambaya zai nuna maka. Yi azahar a can, ka fito ka shiga layin mahauta da masu kilishi da teloli da wanzamai, ka kasa kunne, ba za ka daɗe ba za ka ji Hausa. Larabcin Chadi ne yaren kasuwa amma Hausawa da Barebari sun daɗe a tsofaffin unguwannin nan na tsakiyar gari irin su Marjandafak da Ambasatna. Ka yi sallama, ka gaisa sosai kar ka yi gaggawa, ka faɗi garinku da unguwarku, ka ce kai matafiyi ne kana neman inda za ka sa haƙarƙari. Matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa kafin la'asar an samu wani wanda matarsa 'yar Garwa ce ko wanda ya yi almajiranci a Marwa, shi zai kama hannunka ya kai ka wajen malam ko wajen mai gidan da ke sauke baƙi.

Bara wani dattijo ya zo daga wajen Gidar da samari biyu, ba su bi wannan tsari ba don ba wanda ya gaya musu, suka haye da yamma liƙis, duhu ya same su a Shagwa. Wani mai kalando, wato babur ɗin haya, ya ce ya san waje mai araha, ya kwashe su ya kai su wani oberji, wato ƙaramin masaukin kuɗi, a cikin lungu, ashe irin wanda ake bayar da ɗaki na awa ne, ga mashaya a tsakar gida, kiɗa kamar zai tsaga kunne. Dattijon nan ya tsaya a bakin ƙofa da carbinsa ya ce shi kam gara ya kwana a titi. Ɗaya daga cikin samarin ne ya samo lambata, ni kuma ina wannan ƙetaren an riga an rufe gada, sai na kira wani abokina tela ya je ya ɗauko su ya kai su gidan limamin unguwarsu. Liman ya duba katinansu da fitilar waya, ya ɗauki hoton kowanne ya tura wa mai unguwa, shi ke nan aka buɗe musu zaure.

Da safe na haye na same su. Baba yana zaune a kan tabarma ya tsoma ƙafafunsa a roba mai ruwan ɗumi da gishiri wanda matar liman ta aiko da shi, duga-dugansa duk faso ya tsattsage su, ɗan yatsa ɗaya bororo ya fashe ya manne da igiyar silifas. Ga kwanon kisra da miyar kuɓewa a gefe, ga ƙaramin kofin shayi ja wur. Na durƙusa na ce Baba ina kwana, ya gajiyar hanya? Ya ce ɗana gajiya ta bi lafiya, jiya ne dai na ga abin da ban taɓa gani ba, amma dubi inda Allah ya sauke ni. Liman ya leƙo ya ce Alhaji kar ka motsa yau, sai ƙafar nan ta bushe, ya aiki yaro ya sayo man kaɗe. Ko sisi ba a karɓa a hannunsu ba.

Amma fa kyauta ba ta nufin ka zo hannu rabbana ka miƙe ƙafa. Annabi (SAW) ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mutanen nan su ma fama suke, wuta ba kullum ba, ruwa wasu saye suke a wajen masu kura. Ka sayi sukari da ganyen shayi ka miƙa cikin gida, ka share zaure, ka cika butoci, in za ka caja waya ka tambaya tukuna. Abin yana min ciwo in na ji wani ya sauka ya bar wa mutane ƙazanta ko ya tafi ba sallama, domin ƙofar da ya rufe ba tasa ba ce shi kaɗai, ta duk wanda zai zo bayansa ce.

In kuma ba a dace ba dole sai an biya, to ga abin lura. Kar ka bar mai kalando ya zaɓa maka waje, wasunsu suna da kamasho. Ka shiga ka ga ɗakin da idonka kafin ka fito da kuɗi, ka duba sakata, ka duba banɗaki, ka tambaya akwai mashaya ko babu, kuma ka tabbatar kuɗin na kwana ne har safe. Ku uku ko huɗu ku haɗa ɗaki ɗaya, a roƙi ƙarin tabarma. Sannan ka kula da lissafi, da Larabci riyal suke ƙirgawa kamar yadda muke ƙirga dala, riyal ɗaya sefa 5 ne, in ya ce maka miya to 500 yake nufi, in ya ce alif 5,000 ke nan. Na ga faɗa ya tashi a kan wannan, baƙo yana zaton jaka ɗaya aka ce masa. Ka sa ya rubuta maka a waya kawai.

Tashoshin motocin Abeshe da na kudu suma ana kwana a cikinsu, fasinjojin asuba suna baje tabarmi a rumfa, in ka yi wa mai gadi magana da ladabi yakan bar ka ka raɓa. Wannan na dole ne, jakarka ta zama matashinka, takardu da kuɗi a cikin riga. Mata kam ban yarda su kwana a tasha ba sam, a nema musu cikin gida wajen matan malam tun da rana, kuma alhamdu lillahi su sun fi saurin samu. Waliya akwai ɗakuna masu sauƙi amma tsakanin koguna biyu take, sauro ba a magana, ambaliyar 2022 da ta 2024 ta ci gidaje da yawa a wajen, don haka gidan sauro ya zama cikin kayanka ko ina za ka. Daren Disamba da Janairu kuma akwai sanyi mai shiga jiki a zaure, a zo da bargo ko mara nauyi ne.

Wannan hanyar fa ba mu muka fara ta ba. Tun garin ana ce masa For Lami, kafin a canza masa suna a 1973, nan ne babban zangon alhazan ƙasa. Mutum ya taso daga Kano ko Katsina ko Yola, ya sauka wajen fatoma ko sarkin Hausawa, ya yi ɗinki ko fawa ko koyar da allo na wasu watanni ya tara guzuri, ya wuce Abeshe, Adre, Jinena, Fashir, har bakin Bahar Maliya, wani sai ya yi shekaru kafin ya ga Ka'aba, wani kuma a hanya zai yi aure ya zauna. Jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira bayan yaƙin Burmi a 1903 gabas suka yi, jikokinsu suna Mai Wurno a Sudan har yau. Hausawan da za su buɗe maka zaure a Injamena da yawansu jikokin waɗanda aka taɓa buɗe wa zaure ne, shi ya sa abin bai mutu ba. Ni dai fatana mu na Kuseri mu ma mu tashi tsaye, kowace unguwa a ware ɗaki ko ɗaya ne kusa da masallaci, da tabarmi da randa da littafin rubuta sunan baƙo, ai ibnus sabil, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa, yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba su haƙƙi a zakka, ba alfarma muke masa ba.

Masu niyyar Makka kuma don Allah ku saurare ni. Tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, abin da aka yi wa mutane a Jinena duniya ta ji, Adre cike take da 'yan gudun hijira da suka tsere da ransu. Ba hanyar bi ba ce yanzu, kuma ko da ka kai bakin teku ba a shiga aikin hajji sai da biza ta hannun hukumar alhazan ƙasarka. A tsaya a Abeshe a yi ziyara a juyo, Allah ya san niyya, shi zai buɗe wata ƙofar.

Ranar da za ka bar Injamena kar ka fita sai mai masaukinka ya ba ka sunan wani a gaba. Masaget da ke kan hanyar Abeshe tana wajen kilomita 80, tafiyar kwana uku ce ga mai ƙafa, kuma tsakani ƙauyuka ne da ba a jin Hausa sosai. Ka roƙe shi ya kira mutumin a gabanka ku gaisa a waya, ya ji muryarka, ya san ku nawa ne kuma yaushe za ku iso. Lambobin a rubuta su a takarda da biro, don caji yana ƙarewa a hanya. Wanda yake shirin tasowa a sanyin nan ya sanar da ni tun yana Marwa, in fara yi masa magana da mutane.